ICF na kwance ko na tsaye? Tambayoyin da masu shirin gini a Kaduna suka fi yi

Tun da kuɗin wuta da na mai suka tashi mutane suka koma neman ginin da zai yi sanyi da kanshi, ba sai esi ya kwana yana aiki ba, shine maganar ICF, wato bangon kankare da ake zubawa a cikin soso mai tare zafi, ta fara yawo, wasu a YouTube suka gani wasu 'yan uwansu ne dake waje suka basu labari. Na tattara tambayoyin da aka fi turowa, musamman akan bambancin na kwance da na tsaye, na amsa su anan.

Malam dan Allah wai menene ma ICF ɗin nan?

Kasan farin soson nan da ake tokare firji ko talabijin dashi a cikin kwali? To shine, folistarin, amma mai tauri da aka yi musamman dan gini. Falle biyu ne suna fuskantar juna, kowanne kaurinsa wajen inci 2 da rabi, an haɗa su da wasu maɗaurai na roba, tsakaninsu kuma rami ne. Ana jera su su zama siffar bango, a sa rodi a cikin ramin, sai a zuba kankare. In kankaren ya kama ba'a cire soson kamar yadda kafinta ke ɓalle katako bayan an zuba fila, nan zai zauna har abada, ɗaya a waje ɗaya a ciki, yana tare zafi. Faɗin ramin yana zuwa inci 4, 6, 8, 10 har 12, amma gidan zama inci 6 aka fi amfani dashi.

Ba sabon abu bane fa. Wani ɗan kwangila a Kanada mai suna Werner Gregori ne ya nemi rajistar fasahar tun 1966, kuma har yau manyan masu yinsa a Kanada da Amurka suke, irin su Nudura da Amvic a Kanada, Fox Blocks da BuildBlock a Amurka.

To ina maganar kwance da tsaye ta shigo?

Yadda ake jera soson ne kawai.

Na kwance shine wanda yafi yawa a duniya, zuwa yake kamar bulo, sai dai babba ne kuma ba nauyi, yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Yawanci tsawonsa inci 48 tsayinsa inci 16, na Nudura ya fi girma, inci 96 da 18. Saman kowanne da ƙasansa akwai haƙora haƙora, in ka ɗora wani akan wani ka danna da tafin hannu zaka ji ya shige ya kama, ba siminti a tsakani ba komai. Layi layi ake tafiya, ana karya gaɓa yadda birkila ke yi da bulo, kuma akwai na kusurwa da aka riga aka yi a shirye.

Na tsaye kuma ba bulo bane, dogayen falle ne da suke tashi tun daga fandisho har inda bango ya ƙare. Ana fara kafe wani siririn ƙarfe mai kwari a ƙasa, akan layin bangon, sai a tsayar da sanda ta roba mai tsagi gefe da gefe, a zura fallen soso a tsagin, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, a sake tsayar da wata sandar, haka haka har a zagaye gidan. TF Forming Systems dake jihar Wisconsin a Amurka suna cikin waɗanda aka fi sani da wannan tsarin.

Wanne yafi ƙarfi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi kuma ita ce mafi sauƙin amsa. Babu. Soso baya ɗaukar gida, kankare da rodin dake ciki su ke ɗauka, in kaurin kankaren ɗaya ne, rodin ɗaya ne, kwaɓin ɗaya ne, to bangon ɗaya ne ko a kwance aka jera ko a tsaye. Duk bambancin da za'a faɗa maka kafin kankare ya kama yake: yadda kayan zai iso Kaduna, hannun da zai jera shi, da yadda zai jure nauyin ɗanyen kankare. Duk mai sayarwan da yace maka nashi yafi ƙarfi saboda a tsaye yake ko a kwance yake, ka tambaye shi inci nawa ne kankaren.

Injiniya, birkilana ya shekara ashirin yana aiki, zai iya?

Alhaji in na kwance ne zai iya da ɗan horo, dan idonsa ya riga ya saba da layi, da igiya, da karya gaɓa, da duba ko bango ya miƙe. Abin da zai koya shine layin farko, saboda anan babu kwaɓin da zai ƙara ko ya rage ya gyara tudu da kwari kamar yadda ya saba, in jaman fulo ɗinka bai kwanta daidai ba to karkacewar zata bi ka har sama, sai dai a ɗan rage ƙasan soson ko a cike da kumfar gam. Kuma dole maɗauran robar nan su hau kan juna a miƙe daga ƙasa har sama, in ba haka ba ranar da za'a ɗaura wani abu a bango za'a yi ta lalube.

Na tsaye gaskiya yafi kama da aikin kafinta ko masu haɗa tagar alminiyam. Awo ne da sukuru da tsayar da sanda a miƙe. Ba wai yafi wahala bane, wasu ma suna ganin yafi sauri in hannu ya faɗa, amma ba birkila zaka nema ba, ka nemi kafintan da ya kware wajen haɗa katakon zuba kankaren bene, wanda baya wasa da ma'auni.

Ance na tsaye baya ɓarna, da gaske ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Bari mu yi lissafi da tsayin da muka saba a nan, mita 3 daga ƙasa zuwa silin. Bulon ICF mai inci 16, layi 7 zai baka kusan mita 2.84, bai kai ba, layi 8 kuma mita 3.25, ya wuce. Kaga kenan sai an tsaga layi guda gaba ɗaya a zagaye gidan, ko kuma tun a zane a daidaita tsayin ɗakin da bulon, wanda shine nake bada shawara. Na tsaye kuwa tun daga masana'anta ake yanko shi daidai tsayin da ka bada, ba layin da za'a tsaga.

Amma wannan alherin yana da sharaɗi, kuma mu nan munsan halinmu, gini yana tafiya mai gida zai zo yace a ɗaga falo da ƙafa ɗaya, ko uwargida tace tagar kicin ta koma can. In bulo ne sai a ƙara layi a ci gaba. In falle ne da aka yanko daga wata ƙasa, an gama magana, sai dai jona jona. Wanda yasan bai gama yanke shawara akan zanensa ba kada ya kusanci na tsaye.

Maganar kawo shi fa, ba zai cinye kuɗin ba?

Nan ne na tsaye yake da babbar hujja. Bulon da aka riga aka haɗa, rabinsa iska ne, kana biyan kwantena daga can har Legas, daga Legas a hau titi ko a bi ta tashar tsandauri ta Kakuri, duk kana biyan kuɗin dakon rami ne. Na tsaye kuma a shimfiɗe yake zuwa, falle kan falle, sanduna a ɗaure gefe, kwantena ɗaya zata ɗauki bango mai yawa. Masu yin na kwance suma sun gane haka, shi yasa wasu kamar Nudura suke yin wanda ake naɗewa ya kwanta, sai a wurin aiki a buɗe shi, wasu kuma irin Quad-Lock falle da maɗauri daban daban suke turowa kai ka haɗa.

Dan haka in kana kwatanta farashi kada ka tambayi kuɗin guda ɗaya, ka tambayi murabba'in mita nawa na bango kwantena ɗaya ke ɗauka, sannan ka ƙara kwastam da mota. Kuma ka sayi ƙari akan lissafinka, dan in ya yanke maka saura ɗaki ɗaya ba abu bane da zaka aika yaro Panteka ya samo.

Ranar zuba kankare ance yana fashewa. Wanne yafi fashewa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, dan a ranar nan ne ake samun gida ko a yi asara.

Ɗanyen kankare nauyi gareshi, cubik mita ɗaya wajen kilo 2,400, kuma tun da bai kama ba turawa yake gefe da gefe kamar ruwa. In ka cika bango mai mita 3 a zubi ɗaya, can ƙasa kowane murabba'in mita na soson yana shan turin da ya kai tan 7. Shi yasa ba'a cikawa lokaci ɗaya. Ana zuba kamar mita 1 ko ɗan sama da haka, a zagaya gidan gaba ɗaya, kafin a dawo inda aka fara ya ɗan fara kamawa, sai a ɗora na biyu, sannan na uku.

Na kwance rauninsa yana wajen gaɓoɓi da inda aka yanka, kusa da taga, kusa da ƙofa, kusurwa, duk inda aka yanke maɗauri ba'a ƙarfafa wajen da katako ba. Sannan layukan suna iya ɗan ɗagawa ko su ɗan danne juna saboda nauyi, shi yasa ake ɗaure layin sama da na ƙasansa, kuma tokarin da ake sawa duk ƙafa 5 ko 6 ana ɗaure shi ne yadda bangon zai iya ɗan sauka ba tare da ya karkace ba. Na tsaye bashi da gaɓar kwance ko ɗaya, sandunan sun riƙe daga ƙasa har sama, dan haka matsalar ɗagawa da dannewa ta ragu sosai kuma masu yinsa suna cewa tokarinsa bai kai yawan na ɗayan ba. Amma in ƙarfen ƙasan nan bai kafu da kyau ba, ko falle ɗaya bai zauna a tsaginsa ba, to wajen zai buɗe ne tun daga ƙasa.

Abin da yafi damuna ba soson bane, kwaɓinmu ne. Mun saba leburori suna haɗawa da shebur a ƙasa, ana ɗauka a kwano ana hawa tsani, in yayi tauri a ƙara ruwa da ido. Wannan ba zai yi ba. Ramin inci 6 ne kuma cike yake da rodi da maɗaurai, yana son tsakuwa ƙanana, rabin inci ko ƙasa, banda tiri kwata, yana son kwaɓi mai laushi daidai wanda zai sauka da kanshi amma ba ruwa tsululu ba, kuma laushin da maganin kwaɓi ake samo shi ba da ƙarin ruwa ba. Ana son foka, wato injin girgiza kankare, siririya, kanta bai wuce inci 1 ba, a zura a zaro da sauri, in ka barta wuri ɗaya ita zata fasa maka soson. Kuma babban haɗarin shine in rami ya rage a cikin kankaren bazaka gani ba, soso ya rufe, ba kamar fila ba da in an cire katako kowa zai ga saƙar zuma. Mutum ɗaya ya dinga bin bangon yana bugawa da tafin hannu yana saurare, inda ya cika amonsa daban ne da inda yake fanko, ƙarƙashin taga musamman, shi yasa ake barin ƙofa a dandamalin taga a cika ta nan. In babu famfon kankare aƙalla a samu miksa da isassun hannu yadda zubi ba zai tsaya ba, a ajiye guntayen filawud da sukuru kusa saboda in wani waje ya buɗe a toshe nan take.

Alheri ɗaya da mutane basu lura dashi ba, a lokacin hunturu da iska ke busar da kankare tun bai nuna ba, soson nan yana riƙe masa danshinsa, sai ya nuna a hankali yadda ake so.

Mai ɗaurin rodi fa, ta ina zai shiga?

A na kwance kowane layi ko bayan layi ana kwantar da rodi a cikin wasu 'yan kujeru dake jikin maɗauran, dannawa kawai ake ya zauna, in an kai sama sai a zuro na tsaye daga bisa. A na tsaye ana iya kafa gefe ɗaya a bar ɗayan a buɗe, a ɗaura rodi a fili kowa na gani, injiniya yazo ya duba ya gamsu, sannan a rufe. Ni wannan yana burge ni sosai, dan a wajenmu inda rodi mai milimita 12 kan koma mai 10 in mai gida baya nan, bangon da ake iya dubawa kafin a rufe ba ƙaramin abu bane. Girman rodi da tazararsa kuma injiniya mai rajistar COREN, hukumar dake kula da aikin injiniya a Najeriya, shine zai rubuta, ba mai sayar da soso ba.

Siminti nawa zai ci in aka kwatanta da bulo?

Yafi ci, kada a ruɗe ka. Bango mai kankare inci 6, kowane murabba'in mita yana ɗaukar cubik mita 0.15, in kwaɓin 1:2:4 ne wannan kusan buhu ɗaya kenan mai kilo 50. Wannan murabba'in mitan in bulo inci 9 ne guda 10 zai ci, kai kuma kasan bulo nawa masu buga bulo ke fitarwa daga buhu ɗaya. Abin da zaka cire daga lissafi shine fila da linta, dan bangon kanshi ya zama su, da katakon da ake saye a ɓalle a yar. A nan kwance da tsaye duk ɗaya ne. Sannan ka tuna bangon zai kai inci 11 kafin ado, wanda filinsa ƙarami ne a cikin gari yasa wannan a zane.

Da gaske zai hana zafin Maris da Afrilu?

Bango zai yi nashi. Bulonmu in ya sha rana yini guda, da dare yake amayo zafin cikin ɗaki, shi yasa zaka ga ƙarfe sha ɗaya na dare waje yayi sanyi amma ɗaki na turiri, ka taɓa bangon yamma kaji da ɗumi. ICF yana yanke wannan. Amma Hajiya ki ɗauke shi kamar kular abinci, abin da aka sa mata shi take riƙewa, sanyi ko zafi, kuma in murfin ba kirki aikin banza ne. Murfin gida shine rufi, kuma a gida mai hawa ɗaya a Kaduna rana ta saman kwano tafi dukansa. Wanda ya kashe miliyoyi a bangon ICF ya ɗora kwano da fi'ofi ba tare da ya shimfiɗa abin tare zafi a saman silin ba wallahi yayi rabin aiki, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya saboda kuɗi, rufin zan fara gyarawa. Tagogin yamma a yi musu rumfa, da dare a buɗe iska ta ratsa. Da damina kuma tun da gidan baya shan iska ta bango, banɗaki da kicin su samu fankar fitar da tururi.

Gara fa? Unguwarmu ta Rigachikun gara kamar me.

Gara bata cin soso a matsayin abinci amma tana huda shi tayi hanya a ɓoye har ta kai katakon rufi, kuma ka san garar nan tamu bata da wasa. A zuba magani a ƙasa kafin jaman fulo, a nemi soson da aka haɗa da sinadarin boret, sannan mafi muhimmanci kada soso ya taɓa ƙasa, a tashi fandisho da kankare zalla har ya ɗago sama da ƙasa kamar inci 6, a bar wannan layin a fili yadda in ta fara gina hanyarta za'a gani. Ko na kwance ko na tsaye hukuncin ɗaya ne.

In gobara ta tashi ba narkewa zai yi ba?

Soson zai narke kuma hayaƙinsa ba kyau, duk da ana sa masa maganin rage kamawa. Kankaren ne ba zai faɗi ba, yana jure wuta na awanni. Shi yasa a ƙasashen da ake amfani dashi doka ce a rufe ta ciki da allon jifsam rabin inci ko makamancinsa, ba'a kwana a ɗakin da soso yake tsirara. Kuma fetur yana narkar dashi nan take, mai ajiye jarka da janareta a jikin bango ya kula.

Wayarin da filasta yaya ake yi?

Wayarin yafi na bulo sauƙi, ba guduma ba kurfi, da wuƙa mai zafi ake yanka hanya a jikin soson a kwantar da fayif. Amma duk abin da zai ratsa bangon, fayif ɗin ruwa, na esi, wayar sola, a sa guntun fayif ɗin da zai bi ta ciki kafin zubi, in an manta sai huda kankare.

Filasta kuma irin wadda muka saba, yashi da siminti a watsa da cokali, bata kama soso kai tsaye, zata tsage ta zubo. Sai an yi shafi na musamman mai gam an nutsa ragar zare a ciki, ko a ɗaure ragar ƙarfe a jikin maɗauran sannan a yi filastar akai. Wajen rataye kabad ko allo, na tsaye sandarsa miƙaƙƙiya ce daga ƙasa har sama, neman wajen sukuru ba wuya, na kwance kuma maɗauransa suna zuwa duk inci 6 ko 8. Abu mai nauyi sosai kamar hita ko babbar talabijin gara a kai ƙusar har cikin kankare.

Wani ya nuna min fallen soso mai ragar waya a jiki yace shine ICF.

Ba shi bane. Wancan soson yana tsakiya ne, raga gefe da gefe, ana fesa ko shafa siminti ta waje. ICF kankare ne a tsakiya soso a waje. Kowanne da lissafinsa, kada a sayar maka da wani da sunan wani.

KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, zasu amince?

Izinin gini dole ne ko da me zaka gina. Ka kai zanen injiniya wanda ya nuna bangon a matsayin bangon kankare mai rodi, da lissafinsa da takardun kamfanin da ya yi soson, kuma ka kai tun kafin ka biya kuɗin kaya ba bayan kwantena ta taso ba.

To kai in kaine wanne zaka ɗauka?

Gida ɗaya na zama, ma'aikatan da basu taɓa yi ba, zane mai kusurwoyi da tagogi da yawa: na kwance, wanda ake naɗewa in an samu. Kuskure a cikinsa yana gyaruwa da zarto a wurin, masu yinsa sun fi yawa, bayanin koyonsa ya fi yawa. In kuma rukunin gidaje ne iri ɗaya kamar waɗanda ake yi ta wajen Millennium City, tsayi ɗaya, zane ɗaya, ma'aikata ɗaya zasu yi ta maimaitawa, to na tsaye zan duba da gaske, dan a nan ne sauƙin dako da rashin ɓarna zasu fito a kuɗi.

Ni a hankali nake gini, in na samu in ɗora. Zai yi min?

Ɗan'uwa gaskiya bazai yi maka daɗi ba. Bulo zaka iya kai shi linta ka tafi shekara uku ka dawo ka same shi. Soso in ya sha rana wata biyu zuwa uku fuskarsa tana komawa rawaya tana gari, sai an goge kafin shafi ya kama, in kuma ba'a zuba kankare ba iskar farkon damina tana iya kwashe shi, na tsaye ma yafi kama iska tun da duk tsayinsa a miƙe yake tun ranar farko. Ga awaki da yara, ga masu ƙona ciyawa a fili da rani. In zaka yi, ka tara kuɗin da zai kai ka daga fandisho har zubi har shafin waje a jere ba tsayawa, cikin gida ne zaka iya bari sai an samu, muddin ba'a tare ba. In kuɗin bai kai haka ba ka yi bulonka mai kyau, ka sa abin tare zafi a silin, ka faɗaɗa bakin rufi ya yiwa bango inuwa.